Wasan Bidiyo: Shin Akwai Siyasa a Cikinsa?



Yau ina so mu yi magana a kan wani baƙo da ya shigo gidajenmu. Sunansa wasan bidiyo. Wasa ne da ake yi a cikin wayar salula, ko a gaban akwatin talabijin da wata na'ura mai suna PlayStation. Kai kana danna yatsa, wani ɗan mutum a cikin gilashi yana gudu, yana tsalle, yana buga ƙwallo, ko yana harbi. A nan Bonkuku, tun da farantan hasken rana suka yawaita, cajin waya ya yi sauƙi. In an haƙe dankalin turawa aka sayar, saurayi ya samu ƴan kuɗi a aljihu, sau da yawa abin da yake fara saye shi ne waya mai faffaɗan gilashi. Da dare sai ka ga yara biyar ko shida sun haɗa kai a kan waya guda, ba ka jin kome sai ƙarar bindiga.

A ajinmu na yaƙi da jahilci an yi gardama a kan wannan abu. Wani dattijo ya ce mini: "Malam, wasa wasa ne. Mu ma mun yi langa, mun yi ƴar tsere, ba abin da ya same mu." Wata uwa ta ce: "A'a Malam, wannan dabarar manyan ƙasashe ce. Siyasa ce suka ɓoye a ciki don su juya hankalin ɗiyanmu." Na ce da dattijon: "Baba, kana da gaskiya." Na ce da ita: "Inna, ke ma kina da taki." Suka yi dariya, suka ce malam ya tsere wa shari'a. To ban tsere ba. Ga amsata a rubuce, kowa ya karanta a hankali.

Kafin nan, mu fahimci juna a kan kalmar siyasa. Ba ina nufin jam'iyya da ƙuri'a da kamfe kaɗai ba. Duk maganar da ta shafi wa ke da iko, wa ke bin wa, ƙasa ta wa ce, wane ne aboki, wane ne abokin gaba, to ita nake kira siyasa.

Mu fara da dara, tun da kowa ya san ta. A haƙa gurabu 30 a cikin yashi. Wannan ya ɗauki ƴaƴa 12, wancan ya ɗauki 12. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin wasansa. Ina siyasa a nan? Babu. Tsinke ba shi da ƙabila, tsakuwa ba ta da ƙasa. Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace suna zama gindin itace guda su yi ta har la'asar. A cikin waya ma akwai wasanni irin wannan: na jera alewa masu launi ɗaya, na ludo, na tseren mota. Wanda ya ce akwai makirci a cikin jera alewa, ya dai so magana ne. Saboda haka ni ban yarda cewa kowane wasan bidiyo da siyasa aka haife shi ba. A nan dattijo ya yi gaskiya.

Amma akwai wani bambanci tsakanin dara da wasan waya, kuma shi ne kan maganata.

Dokar dara a fili take. Kowa ya san ta, kowa yana ganinta. In mutanen wani gari suna da tasu ƙa'ida, sai a daidaita kafin a fara. A wasan langa, in wani ƙaramin yaro ya shiga, manya sukan ce a yi masa sassauci. Masu wasa su ne masu doka. Shi kuwa wasan bidiyo, dokarsa a kulle take. Wasu mutane ne a wani gari mai nisa suka zauna shekara biyu ko uku suka tsara ta. Su suka zaɓi wanda za ka zama. Su suka zaɓi wanda za ka harba, da irin fuskarsa, da irin tufafinsa, da harshen da yake magana. Kai naka dannawa ne.

Na taɓa karɓar abin dannawar, wanda samari ke kira manet, a hannun wani ƙanena, yana cikin wani wasan yaƙi. Na ce ya nuna mini maɓallan. Ya ce wannan na harbi ne, wannan na jefa gurneti, wannan na sunkuyawa, wannan na sake harsashi. Na ce: "To ina na sallama? In na gamu da mutum a bakin rijiya, ina so in tambaye shi daga ina ya fito, wanne zan danna?" Ya dube ni ya ce: "Yaya, ai babu shi." Wanda ya ƙera wannan wasa ya riga ya yanke hukunci cewa duk wanda ka gamu da shi abin harbi ne. Bai rubuta wannan hukunci da baƙaƙe ba, ya dai hana ka wata hanya.

Kada ku ɗauka zato nake yi. A shekarar 2002 rundunar sojan Amurka da kanta ta fitar da wani wasa mai suna America's Army. Kyauta ta ba da shi, kuma ba ta ɓoye dalilinta ba: tana so samari su yi sha'awar shiga soja. An yi shekara 20 ana yin sa, sai a 2022 aka rufe shi. Akwai wata dabara a cikinsa da ta isa a yi tunani a kanta. Ana raba masu wasa gida biyu su yaƙi juna. Amma kowane gida yana ganin kansa a matsayin sojan Amurka, yana ganin ɗaya gidan a matsayin abokan gaba. Ke nan duk ɓangaren da ka shiga, kai ne Ba'amurke, kuma ba za ka taɓa ganin kanka kana harbin sojan Amurka ba. Wanda ya ce wannan wasa ne kurum, to bai duba da kyau ba.

Mu zo nahiyarmu. A 2009 wani kamfanin Japan mai suna Capcom ya fitar da Resident Evil 5. An ƙaga wani gari a Afirka, aka sa masa suna Kijuju. Wata cuta ta kama mutanen garin, sun zama kamar dodanni. Jarumin wasan farar fata ne daga Amurka, aikinsa ya ratsa lungu da kasuwa yana harbe su. Tun da aka nuna tallan wasan a 2007 mutane da yawa suka yi ƙorafi. Masu wasan suka ce ba su yi nufin cin mutuncin kowa ba, kuma ga shi jarumin yana da abokiyar aiki ƴar Afirka. Mai yiwuwa da gaske ba su yi nufi ba. Amma hoton Bature da bindiga a tsakiyar baƙaƙen mutane da aka mayar kamar dabbobi, mu mun san shi tun kafin a ƙera talabijin. Kakanninmu sun ga ayarin Voulet da Chanoine a 1899, sun ga abin da ya yi wa Birnin Ƙonni. Mutum yana iya taka gyambon wani ba da gangan ba, zafin dai ɗaya ne.

Wani lokaci ma mutum na gaske ake sakawa. A 2012 wasan Call of Duty: Black Ops II ya nuna Jonas Savimbi, madugun ƴan tawayen UNITA na Angola, wanda aka kashe a 2002. An nuna shi a fagen daga yana ihu, yana zuga mayaƙansa. Uku daga cikin ɗiyansa suka kai kamfanin Activision ƙara a Faransa. Suka ce an mayar da mahaifinsu mutumin banza mai son zubar da jini, suka nemi diyyar Yuro miliyan 1, wato wajen sefa miliyan 656. A 2016 kotu ta kori ƙarar. Ni ba ina wanke Savimbi ba ne, yaƙin da ya yi ya cinye rayuka masu ɗimbin yawa. Abin lura shi ne, miliyoyin yara a duniya ba su taɓa jin sunan Angola ba sai a wannan wasa. Abin da ya nuna musu shi ne tarihin da suka sani.

To mu Hausawa fa? Mu ma an saka mu. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a cikin wani wasan kwamfuta mai suna Age of Empires III, na kamfanin Microsoft. A wasan kana gina gari, kana kiwon shanu, kana tara dukiya, kana haɗa runduna. Akwai barade masu lifidi, akwai maroƙa, akwai maharba Fulani. In ka taɓa ɗan mutum, da Hausa yake amsa maka. Sarauniya Amina ce jagora, Kano ce babban birni. Ranar da na fara ganin hotunansa na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Wani yaro a Jamus ko a Koriya yau ya san kalmar lifidi, alhali wasu ɗiyanmu ba su san ta ba.

Amma ku duba. Amina ta Zazzau ce, ga ta an ba ta Kano. Gobir da Katsina da Kabi da Daura, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru kowace da sarkinta, wani lokaci ma suna yaƙar juna, an dunƙule su sun zama tuta guda. Wani ne ya zauna ya yanke cewa haka Hausa za ta kasance. Kuma hanyar cin wasan, galibi, ita ce ka rushe garin maƙwabcinka. Fatake da malamai da marina da masaƙa, waɗanda su ne suka kai sunan Hausa har Gwanja da Tarabulus, a wasan amfaninsu shi ne su tara abin da za a ciyar da runduna.

Su kansu masu wannan wasa sun nuna cewa suna ba abin wasa ba ne. Lokacin da ya fara fita a 2005, labarinsa na Turawa ne da ke kama ƙasashen nahiyar Amurka, kuma akwai wani mataki a ciki da ake kira zamanin mulkin mallaka. Da aka sabunta shi a 2020, sai aka sake wa matakin suna, ya koma zamanin ciniki. Aka kuma gyara yadda ake nuna mutanen asali na Amurka, bayan an nemi shawarar jikokinsu. Ruwa ba ya tsami banza. In da babu siyasa a ciki, me ya kawo gyara?

Akwai kuma wasan da shi kansa ba ruwansa da kowa, sai masu iko su zo su same shi. Wasan ƙwallo na FIFA, wanda samarinmu suka fi so, mene ne a ciki ban da ƙwallo? Amma a watan Maris na 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren da yaƙi, kamfanin EA ya cire ƙungiyoyin Rasha daga wasan. A 2020 sojojin Indiya da na Sin suka yi arangama a kan iyaka. Watanni kaɗan bayan haka Indiya ta hana wasan PUBG na waya a ƙasarta, saboda alaƙarsa da wani kamfanin Sin. Yaran Indiya suka wayi gari wasansu ya tafi, alhali ba su san dutsen da aka yi faɗa a kansa ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Kokowa ta kaka, bayan an yi girbi, ta samari ce da makaɗa da ƴan mata masu guɗa. A 1974 Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge, ya karɓi mulki. A 1975 aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya lashe ta. Gwamnati ta ga cewa abin da ke tara Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a fili guda, zai iya taimaka mata ta haɗa kan ƙasa. Kamun ƙafa bai sake ba, kaye bai sake ba. Amma daga ranar ɗan kokowa yana ɗauke da sunan jiharsa, kuma manyan gwamnati ne ke zaune a rumfa.

Babban misali kuwa a ƙofar gidanmu yake, a ƙasar Kurfai. A 1925, a Shikal, wata mata mai suna Shibo ta zo da wani sabon bori da aka kira Babule, wanda duniya ta sani da sunan Hauka. In abin ya hau kan mutanenta, sai su riƙa tafiyar soja, suna sara wa juna, suna ɗauke da bindigogin itace. Wannan gwamna ne, wancan kwamanda, wancan kaftin. Ga masu yin sa ba wasa ba ne, bori ne. Amma ga mai kallo daga waje, kwaikwayon Nasara ne tsantsa. Samari da yawa suka bi ta, suka juya wa Gado Namalaya baya, shi da Faransawa suka ɗaure wa gindi a sarautar Kurfai. Bindigar itace ba ta kashe ko ɓera. Duk da haka kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su aka kulle. Me ya tsorata shi? Ya ga talakawa sun ɗauki rigar iko sun sa da kansu, ba tare da izininsa ba. Daga baya aka samu wani iska a cikin borin mai suna Kwamanda Mugu, aka ce shi ne. Abin ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, ƙasar Gana ta yau. A can Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a Ankara a 1954, Turawan Ingila kuma suka hana nuna shi. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Mai mulki ya san haka sarai.

Sai dai ku lura da inda aka bambanta. Mutanen Shibo su suka sassaƙa bindigoginsu, su suka raba wa kansu muƙamai. Yaron da ke riƙe da waya a yau, rigar sojan da yake sawa wani ne ya ɗinka masa ita, kuma bai san ko wane ne ba.

Yanzu in zo ga abin da ya fi damuna. Mu a jihar Tilaberi ƙarar bindiga ba a waya kaɗai muke jin labarinta ba. Ranar 9 ga Janairu 2020 an kashe sojoji 89 a Shinagodar. Ranar 15 ga Maris 2021 an kashe mutane 58, yawancinsu suna komawa gida daga kasuwar Banibangu. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali suka sauka a Abala. Akwai yara a cikinmu da suka baro garuruwansu da dare, an rufe lakwal ɗinsu, yau ga su suna wasan Free Fire. A wannan wasa ana sauke mutum 50 a wani tsibiri, kowa ya nemi makami, wanda ya rage da rai, shi kaɗai ko da ƴan ƙungiyarsa, shi ya ci. Kowa tasa ta fisshe shi. Mu da muka tashi da gayya, in na ga haka jikina yakan yi sanyi.

Masu ɗauke da makamai ma sun gane kasuwar. A 2014 magoya bayan ƙungiyar Da'esh sun watsa wani bidiyon farfaganda da aka haɗa da hotunan wasan Grand Theft Auto. Bayan harin Tongo Tongo na 4 ga Oktoba 2017, inda sojojin Amurka 4 da sojojinmu suka rasu, an watsa hoton da kyamarar hular wani soja ta ɗauka. Mai kallo yana ganin abin da idon sojan ke gani, daidai yadda ake gani a wasannin harbi. Yaron da ya saba da wasan zai iya kallon wannan kamar wani zagaye ne da za a sake. Alhali ɗan wani ne, kuma ba zai tashi ba.

Amma Inna, a nan zan tsaya, ba zan bi ki har ƙarshe ba. Ba waya ce ta kawo mana wannan fitina ba. Rikicin gona da makiyaya, satar shanu, talauci, rashin aikin yi, yaƙin da ya ɓarke a arewacin Mali a 2012, makaman da suka kwararo bayan faɗuwar Libiya a 2011, waɗannan su ne itacen da wutar ke ci. Ana wannan wasa a ƙasashen da ba a taɓa jin harbi ba. In muka ɗora wa waya laifi duka, mun sauke wa masu laifin gaske kaya. In kuma ka ƙwace wayar ka fasa, gobe yaron yana gidan maƙwabci yana yi da ta wani.

Abin da nake roƙonku ba shi da wuya, kuma yanzu kuna da makaminsa, tun da kun iya karatu. Ku zauna kusa da yaron sa'ad da yake wasa. Da an kunna, sunan kamfanin yakan fito a gilashi. Ku haɗa baƙaƙen ku karanta, ko da ba ku san ma'anarsa ba, ku tambayi wace ƙasa ce. Sa'an nan ku tambaye shi: kai wane ne a nan? Wancan da ka harbe, me ya yi maka? Don me yake da rawani, kai kuma kake da hular ƙarfe? Wani yaro zai ce bai sani ba. Wani zai ba ku amsar da za ta ba ku mamaki, don yaran nan ba wawaye ba ne, ba a dai tambayarsu ne.

Ku kuma gaya musu cewa ba Turawa da mutanen Asiya kaɗai ke ƙera wasa ba. A Yawunde ta Kamaru, wasu samari ƙarƙashin Olivier Madiba sun kafa kamfanin Kiro'o Games. Sun sha fama da ɗaukewar lantarki da ƙarancin jari, amma a 2016 suka fitar da wasansu mai suna Aurion. Labarin wani sarki ne da matarsa da aka yi musu juyin mulki ranar aurensu, suna neman komawa gida, kuma ƙarfinsu daga kakanninsu yake fitowa. Su suka zaɓi jaruminsu, su suka zaɓi tufafinsa.

Mu ma muna da labarai, amma yawancinsu a bakin tsofaffi suke, tsofaffin kuma suna tafiya. Saboda haka duk wanda ke Shikal, ko Filinge, ko Luma, ko Itchigin, ya ji labarin Shibo da Babule daga bakin kakarsa ko kakansa, ya ɗauki alƙalami ya rubuta shi yadda ya ji, ko da layi goma ne. Wanda kuma garinsu ke da wata dokar dara ko ta langa da ta bambanta da ta sauran, shi ma ya rubuta. Ku ba malamin ajinku takardar, zai aiko mana da ita.